Yadda ake shirin intabiyun aiki da Turanci: jagora ga matasan Zangon Accra

Yawancin matasanmu na Nima, Maamobi, Sabon Zango, Fadama da Madina da harshe uku ko huɗu suke tashi. Hausa a gida, Twi ko Ga a kasuwa da cikin trotro, Fijin a majalisar ataya, Larabci a makarantar Islamiyya, Turanci kuma a aji da takardar jarrabawa. To Turancin nan na ido ne da alƙalami. Mutum ya ci shi a jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE, ya rubuta aikin kammala HND ko digiri da shi, amma bai taɓa zama rabin awa cur yana magana da shi a gaban mutum uku masu rubuta duk abin da ya fito daga bakinsa ba. Ranar intabiyu ce ranarsa ta farko, shi ya sa harshe yake sarƙewa, gumi ya karyo duk da sanyin na'urar ofis.

Ka sa wannan a ranka tun yanzu: masu tambayar su ma yawancinsu Twi, Ga, Ewe ko Dagbani suke yi idan sun koma gida. Ba su zauna don su kama ka da kuskuren nahawu ba. So suke su ji ko ka san aikin, kuma ko za ka iya faɗin abin da ka taɓa yi a fili, yadda mai sauraro zai gane ba tare da wahala ba. Duk shirin da ke tafe a kan wannan aka gina shi.

Ranar da aka kira ka

Kada murna ta sa ka ajiye waya ba ka yi tambaya ba. Ka tabbatar da rana da lokaci, sunan ginin da hawa na nawa ne, sunan wanda za ka nema a wurin karɓar baƙi, da takardun da za ka zo da su. Ka roƙi a turo maka adireshin GhanaPostGPS ko a nuna maka wurin a taswirar waya. Ka tambaya ko akwai jarrabawar rubutu ko ta kwamfuta kafin ganawar, domin bankuna da manyan kamfanoni sukan fara da ita.

Idan mai kiran ya ce ka fara tura wani abu ta MoMo, wato kuɗin waya, wai kuɗin fom ko na gwajin lafiya ko na "protocol", ka yi masa sallama. Mai ɗaukar aiki na gaskiya ba ya karɓar kuɗi kafin ya gan ka. In wurin ya ce shi banki ne ko cibiyar ba da rance, Babban Bankin Ghana yana wallafa sunayen waɗanda ya ba lasisi a shafinsa, dubawar ba ta cin minti biyar.

Daga nan sai ka koma kan tallar aikin, ko a Daily Graphic ka gan ta, ko Jobberman, ko LinkedIn. Ka karanta ta da biro a hannu, ka ja layi ƙarƙashin kalmomin da suka maimaita. Waɗannan kalmomin su ne Turancin da kake bukata, ba ƙamus gaba ɗaya ba. Mai neman aikin ajiyar kaya a Tema ko Spintex kalmominsa daban, mai neman aikin karɓar kiran abokan ciniki a kamfanin waya nasa daban. Ka shiga shafin kamfanin ka san me suke sayarwa, su wa suke saya, ina rassansu, su wa suke gogayya da su. In kana da wanda ya taɓa aiki a can, kai masa ziyara, da ɗan gari akan ci gari.

Tara labaranka, da Hausa tukuna

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Abin da aka saba shi ne a shiga intanet a kwafo amsoshin da wani ya rubuta, a haddace. Amsar da aka haddace kamar karatun yaron da bai ƙware ba ce a makarantar allo: da an katse shi a tsakiyar aya sai ya koma farkon sura. Masu tambaya kuwa katsewa aikinsu ne. Ƙari a kan haka, sun ji wannan amsar daga bakin mutum goma kafin ka shigo.

Ka ɗauki takarda ka rubuta abubuwa biyar ko shida da suka faru da kai a wurin aiki, ko lokacin hidimar ƙasa, ko a makaranta, ko a shagon gida. Lokacin da ka warware wata matsala. Lokacin da abokin ciniki ya fusata ka shawo kansa. Lokacin da kuka saɓa da abokin aiki. Lokacin da ka yi kuskure ka gyara. Lokacin da aiki ya yi yawa lokaci ya ƙure. Ka fara ba wa kanka labarin da Hausa, domin da ita za ka tuna abin da ya faru daki-daki. Kowane labari ka tsara shi gaɓa huɗu: halin da ake ciki, abin da ya rataya a wuyanka, abin da kai ka yi, da yadda aka ƙare. Masu horar da ma'aikata suna kiran wannan tsari STAR. Gaɓa ta uku ita ce nama, a nan za ka daɗe.

Kada ki raina abin da kika yi don ba a ofis aka yi shi ba. A ce kin yi shekara biyu a rumfar MoMo a Maamobi, ƙarƙashin lema. Kullum kina ƙirga kuɗi, kina rubuta shiga da fita, kina gane saƙon 'yan damfara, kina lallashin tsohuwar da ta tura kuɗi lambar da ba ita ba. A ce wani wata lissafi ya ƙi daidaita kwana uku a jere, mai rumfar ya fara canza fuska, kika zauna bayan Isha'i da littafin da wayar kina bin ciniki ɗaya bayan ɗaya har kika gano inda aka rubuta kuɗi ɗaya sau biyu. Daga ranar kika koma rufe lissafi sau biyu a yini, da azahar da kuma dare. Wannan shi ne ainihin abin da banki yake nema a wurin mai karɓar kuɗi. Da Turanci ba ya wuce haka:

"I ran a mobile money stand in Maamobi for two years. One month, the cash did not balance for three days. I checked every transaction against the book and found one entry written twice. After that, I balanced the account two times a day, and the problem stopped."

Dubi jimlolin, gajeru ne, babu kalmar da ɗan sakandare bai sani ba. Haka ake so. Wanda ya yi taimako a shagon mahaifiyarsa ranar Laraba a kasuwar Nima, ko ya riƙe kuɗin ƙungiyar matasan masallaci, ko ya koyar da yara a Islamiyya, duk yana da irin wannan labari.

Kada ka rubuta labarin kalma da kalma. Rubuta kalmomi huɗu ko biyar na tuni a ƙaramin kati, sauran ka bar wa baki. Duk lokacin da ka faɗe shi zai ɗan bambanta, kuma hakan ne yake sa a ji gaskiya a cikinsa.

Tambayar farko kusan kullum ita ce "Tell us about yourself." Ba tarihin zuriyarku ake nema ba. Minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa: abin da kake yi yanzu, abin da ka karanta ko ka taɓa yi da ya shafi aikin, da dalilin da ya kawo ka wurinsu. A nan ne za ka ambaci harsunanka. Mai jin Hausa, Twi da Turanci, balle in da Faransanci ko Larabci, kadara ne ga kamfanin da yake ciniki da arewacin Ghana, Togo, Burkina Faso, Nijar ko Najeriya. Sakatariyar yankin ciniki marar shinge na Afirka ma a Accra take. Mutanenmu sukan bar wannan a gida kamar ba abin faɗa ba ne.

Horar da baki da kunne

Daga ranar da aka kira ka zuwa ranar ganawa, kullum ka ware minti ashirin na magana da Turanci da ƙarfi, ba a zuci ba. Kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarka, yi wa kanka tambaya, amsa, sannan ka saurara. Jin muryarka zai ba ka haushi da farko, kowa haka yake ji. Ga abubuwan da za ka kasa kunne a kansu.

Na farko sauri. Mai fargaba gudu yake yi da magana yana haɗiye ƙarshen kalmomi. Rage gudu har ka ji kamar ka cika jan jiki, a kunnen mai sauraro daidai ke nan.

Na biyu lokacin da ya wuce. Fijin ba ta damu da ƙarshen fi'ili ba, don haka "I manage the shop" take fitowa inda ake nufin "I managed". Tunda labaranka duk na abin da ya riga ya faru ne, ka jera fi'ilan da za ka yi amfani da su, kamar sold, trained, checked, wrote, ka yi ta maimaita su cikin jimla.

Na uku "he" da "she". Hausarmu ta Zango ba ta cika raba namiji da mace a magana ba, Twi ma ba ta rabawa, shi ya sa za ka ji mutum yana ba da labarin shugabarsa mace yana cewa "he". Mai sauraro sai ya rikice ya rasa wa ake nufi.

Na huɗu lambobi. Thirteen da thirty, fifteen da fifty, a bakin mai sauri ɗaya suke fita. In lambar tana da muhimmanci ka faɗe ta a hankali, in ta kama ka ƙara da "one-five".

Akwai kuma kalmomin majalisa da suke kutsowa ba sallama: chale, "I dey", "you barb". A bar su a ƙofar ofis. "Please" kuwa ladabi ce a Ghana, ba mai ƙin ta, amma idan kowace jimla da ita ta fara, musamman a gaban baƙon da ba ɗan ƙasa ba, sai ka zama kamar mai roƙo. Sau ɗaya a inda ta dace ya wadatar. Lafazinka kuma ka bar shi yadda yake. Ƙoƙarin maƙale murya irin ta Amurka yana cinye hankalin da ya kamata ka sa a kan amsa.

Kunne ma yana son horo. Da safe ka saurari shirye-shiryen tattaunawa na Citi FM a 97.3 ko Joy FM a 99.7, ka lura da yadda baƙi suke amsa tambaya. Ka tsayar da shirin in a waya kake ji, ka maimaita jimlar yadda aka faɗe ta. In kamfanin na 'yan Indiya ne ko Lebanon ko Sin, ko wata ƙungiyar Turawa, ka nemi bidiyon masu irin wannan lafazi a YouTube ka saba da shi tun kafin ranar.

Maganar kunya

An tarbiyyantar da mu cewa yabon kai jahilci ne, yaro ba ya kallon babba ido cikin ido, kuma ba ya cewa "ni na yi". Tarbiyya ce mai kyau, amma a ɗakin intabiyu ana yi mata wata fassara. Sunkuyar da kai sai a ɗauka rashin tabbas ne ko ɓoye wani abu. Yawan "we did" sai a rasa me kai ka yi a ciki. Faɗin abin da ka aikata da hujja ba fahariya ba ce, shaida ce kake bayarwa. Ka ce "I", ka kawo abin da ya faru, ka bar su su yanke hukunci. Wajen kallo, ka dubi wanda ya yi tambayar, ka ɗan waiwayi sauran, ba zuru ba.

In an tambaye ka inda kake zaune, ka ce Nima ko Ashaiman kai tsaye, ba tare da rage murya ba. Mohammed Kudus a Nima ya taso, gidan tsohon shugaban ƙasa Akufo-Addo ma a Nima yake. Kuma mazaunin Nima ya fi da yawa daga cikin ma'aikatan Ridge da Airport City kusa da ofis, abin da mai ɗaukar aiki yake so ya ji ke nan.

Gwaji a gida

Kwana biyu ko uku kafin ranar, nemi wanda ya girme ka kuma yake aikin ofis ya yi maka intabiyun gwaji. Aboki ba zai yi ba, dariya za ku ɓige da ita. A sa tebur da kujera, ki sa kayan da za ki sa, ki ƙwanƙwasa ƙofa ki shigo. A ce yayanki ne ya zauna, ya ɗaure fuska ya ce ki faɗi rauninki. Kika yi murmushi kika ce, "Haba Yaya, ai ka san halina." Amsar da ta dace daga gare shi ita ce, "Yau ba Yayanki a nan. Fita ki sake shigowa." Ya katse ki a tsakiyar magana, ya yi tambayar da ba ki shirya ba, ya yi shiru yana rubutu bayan kin gama don ki saba da shirun. Shirun nan ne yake sa mutane su ci gaba da zuba har su ɓata amsa mai kyau. Kin gama, ki tsaya.

Tambayar rauni a amsa ta da gaskiya: abu ɗaya na haƙiƙa wanda ba shi ne ƙashin bayan aikin ba, da matakin da ake ɗauka a kansa. In an tambayi dalilin barin tsohon wurin aiki, kada a zagi tsohon maigida ko da ya cancanta. Accra ƙarama ce.

Batun albashi

Ka binciki abin da ake biya a irin aikin daga bakin masu yin sa, ka shirya adadi daga kaza zuwa kaza. Ka faɗe shi da sabon sidi. Tun 2007 aka canza kuɗi, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1, amma har yau a kasuwa da gida ana cewa miliyan ɗaya ana nufin sidi 100. Wanda ya saba da wannan lissafi yana iya cewa yana son miliyan talatin a gaban kwamiti, a yi ta kallon juna.

Ka tambaya ko adadin da suka ambata kafin cire-cire ne ko bayansa. Daga ainihin albashi ana cire kashi 5.5 cikin ɗari na fansho, mai aiki ya ƙara kashi 13 daga aljihunsa, sannan ga harajin da ake cirewa kafin kuɗi ya iso hannunka. Tambaya ɗaya ce: "Is that gross or net?"

Jajibiri da safiyar ranar

Da daddare ka haɗa fayil: kwafin CV uku ko huɗu, takardun makaranta na asali da kwafinsu, takardar kammala hidimar ƙasa in kana da ita, Ghana Card, hotunan fasfo, biro biyu. Ka sake karanta CV ɗinka, domin duk abin da ka rubuta a ciki ana iya tambayar ka. Ka goge kaya tun wuta tana nan. Banki da kamfanin inshora suna son kwat ko riga da lakataye, sauran wurare riga mai dogon hannu a goge ta isa. Ko ranar Juma'a ce da ma'aikata suke sa atamfa, kai baƙo ne, ka yi shigar ofis. 'Yar'uwa ki sa hijabinki ko mayafi marar hayaniyar launi, ki ɗaure shi yadda ba za ki riƙa gyarawa ba. Kundin tsarin mulki na 1992 da Dokar Ƙwadago ta 2003 duk sun hana nuna bambanci saboda addini ko ƙabila.

Hanya kuwa kowa ya san Accra. Mai tasowa daga Madina yana da Tetteh Quarshie a gabansa, na Kasoa yana da Mallam Junction, na Ashaiman yana da babbar hanyar Tema. In da hali ka je ka ga ginin kwana ɗaya kafin ranar. Ka ninka lokacin da ka saba ɗauka, in damina ce, musamman watan Yuni, ka ƙara a kai ka riƙe lema. Ka tanadi canji don kada ku tsaya jayayya da meti, yaron mota, da ɗan kuɗin Bolt ko tasi ko da trotro zai ƙi cika. Ka isa unguwar da wuri, ka shiga ofis saura kwata. Ka karya da abu marar nauyi, koko da ƙosai ya isa, wake da shinkafa ya jira ka dawo.

In ta Zoom ko Teams za a yi, ka sayi data isasshiya, ka cika caji, ka tanadi layi na biyu. Gidan haya mai yawan jama'a ba wurin yi ba ne: ga yara, ga rediyon maƙwabci, ga mai tallan ruwa. Ka roƙi ɗakin wani ko ofishin makaranta, ka zauna haske yana fuskarka, bango a bayanka, wayar a jingine daidai ido. Ka duba kada lokacin ya faɗa kan kiran salla in kana kusa da lasifikar masallaci.

Cikin ɗakin

Gaisuwa tun daga mai gadi da mai karɓar baƙi, wani lokaci ana tambayar su yadda ka yi. Ka kashe waya. In ka shiga ka gaida kowa, ka jira a nuna maka kujera. In za a yi musabaha ka fara daga na hannun damanka, kuma takarda da hannun dama ake miƙa ta. Wadda ba ta musabaha da maza, ko wanda ba ya yi da mata, ya riga su: hannu a ƙirji, ɗan rusunawa, murmushi da gaisuwa a bayyane, kafin wani ya miƙo hannu a ji kunya. Sir da Madam sun wadatar, sai in an gabatar da mutum da Doctor ko Nana, to ka riƙe masa abinsa.

Idan ba ka gane tambaya ba, kada ka yi kintace. Ka ce "Could you please repeat the question?" ko ka maimaita ta da kalmominka ka tambaya ko haka ake nufi. In kana son lokacin tunani, "Let me think for a moment" ta fi "eh, eh" nesa ba kusa ba. Kalma ta ɓace maka, zagaya ka bayyana abin da wasu kalmomi. Ka yi tuntuɓen nahawu, gyara sau ɗaya ka wuce, kuma kada ka buɗe baki da ba da haƙuri wai Turancinka ba shi da kyau, domin daga nan kunnensu zai koma farautar kuskure. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ka faɗi yadda za ka nemo shi.

A ƙarshe za su ce ko kana da tambaya. Ka shirya biyu: me ake sa ran sabon ma'aikaci ya cim ma a watanni ukun farko, kuma yaushe za a ji sakamako. Maganar fita sallar Juma'a, a ganina, a bar ta sai an yi maka tayin aikin, lokacin kana da ƙarfin magana, sai ka kawo ta tare da mafita, misali ka haɗa ta da hutun cin abincin rana. In su suka tayar da ita, ka amsa a fili.

Da ka fito, tun abin yana sabo, ka rubuta tambayoyin da aka yi maka da inda ka yi tangarɗa, za su yi amfani a gaba. Kafin gobe ka tura gajeren imel na godiya, layi uku, ka sa wani ya duba maka rubutun. In ranar da suka ce ta wuce da kwana biyu ko uku ba labari, ka tuntuɓa sau ɗaya cikin ladabi.

In an ɗauke ka, ka nemi takarda. Dokar Ƙwadago ta ce aikin da zai kai wata shida ko fiye sai da rubutacciyar yarjejeniya. Kafin ka sa hannu ka duba tsawon lokacin gwaji, awannin aiki, waɗanda doka ta sa takwas a rana ko arba'in a mako, hutun shekara da bai gaza kwanakin aiki 15 ba, da ko za a riƙa biya maka kuɗin fansho na SSNIT. Turancin yarjejeniya ya fi na intabiyu tsauri, don haka ka roƙi a ba ka kwana ɗaya ka kai wa wanda ya san kan abin ya karanta tare da kai.